Abin da na tsinta a hirarmu kan yaron da ya yi jinkirin zama

Jiya a gidan suna a Gwammaja hira ta kai mu kan ɗan ƙanwata, watansa 10 amma ko an tokare shi da filo sai ya kife, to cikinmu akwai wata Anti mai aikin gashin ƙashi, ga abin da na riƙe.

Ta ce yawanci yaro na riƙe wuya wajen wata 4, zama wata 6 zuwa 9, in kuma ya kai wata 18 bai taka ba a kai shi a duba, a daina cewa nauyin ƙafa ne haka babansa ma ya yi. Wanda ta fi jaddadawa shi ne jaririn da aka yi doguwar naƙudarsa bai yi kuka da wuri ba, ko wanda shawara ta kama sosai a satin haihuwa, su ake sa wa ido domin abin kan taɓa ƙwaƙwalwa, za ki ga jikin ya sanƙare ko ya saki laƙwas, hannu kullum a dunƙule.

A riƙa kifa shi a tabarma idonsa biyu kina kusa, ki ajiye abin wasa gabansa ya yi ta ɗago kai. Keken koyon tafiya kam ta ce ba ya koya komai, ni dai na ji kunya don ni na saya masa.

Hajiya ta kawo zancen mai ɗori, Anti ta ce a'a Hajiya wannan ba targaɗe ba ne, a je Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, kuma motsa jikin da aka koya wa uwa a can a riƙa yinsa kullum a gida, zuwa ranar kilinik kaɗai ba ya isa.