Karan sigari ɗaya, haƙori ɗaya: gardamar da ta tashi a zauren 'yan unguwa na Jidda

Nura: Salamu alaikum 'yan zaure. Wanda bai ji ba ya ji. Daren jiya a gahawar (wurin shan shayi da kofi) da muke zuwa kallon ƙwallo, ana tsakiyar wasan Ittihad da Ahli, abokina ya kunna sigari a ciki. Mai gadin ƙofa ya zo ya ce ya kashe. Ya ce masa ya bari a tafi hutun rabin lokaci zai fita. Bai rufe baki ba mutumin ya fizge karan daga leɓensa ya taka. Abokina kuma ya ture shi, sai mai gadin ya kai masa naushi. Haƙorin abokina na gaba ya fita, su biyun a wajen shurɗa, wato 'yan sanda, suka kwana. Ni magana ɗaya nake yi: mai gadi ba shi da hurumin taɓa jikin kowa saboda taba. Da zarar ya kai hannu shi ne mai laifi, ko da duk dokokin ƙasar nan suna bayansa.

Kawu Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Innalillahi. Yaron nan mai aikin AC?

Nura: Shi fa, Kawu.

Usama: Allah ya ba shi lafiya. Amma Nura, ka faɗi labarin kamar wanda ya kunna sigari a ɗakin uwarsa aka zo aka doke shi. Wuri rufaffe ne, ga AC na aiki, ga takarda manne a bango da hoton sigari an ja masa jan layi. Ba a gani ba ne?

Nura: An gani. To sai a ci shi tara. Riyal 200 doka ta ce, ba ta ce haƙori ba.

Usama: Wa zai rubuta tarar? Ni? Shekara bakwai ina aikin gadi, ban taɓa riƙe takardar tara ba, ba a ba mu ba. Abin da aka ba mu shi ne riga da hula da umarnin mai wuri. Idan 'yan baladiya, ma'aikatan hukumar gari, suka shigo suka tarar da hayaƙi a inda aka hana, mai wurin ne zai biya, kuma tasa ta dubbai ce. Shi kuma ba zai nemi abokinka ba, ni zai kira ya nuna min kamara ya ce ina kake tsaye lokacin da aka kunna. Kai kana da riyal 200 a kan layi, ni albashina da aikina.

Nura: Duk na ji. Ka ba ni amsa dai, Yaya Usama: an koya muku fizge abu daga bakin mutum?

Usama: A'a. Ka faɗa masa, ka sake faɗa, ka kira manaja, in ya ƙi ka kira 911. Wannan shi ne tsarin. Fizgewar kuskure ce, ban musa ba. Amma “shi ne mai laifi” da ka ce, kamar shi kaɗai, shi ne ban yarda da shi ba.

Kawu Ɗanjuma: Ku yara ba ku san yadda ƙasar nan take da ba. Lokacin da na zo ana busa sigari a cikin motar haya daga Jidda har Makka, gilashi a rufe, babu mai cewa uffan. A ofisoshi ma toka a kan tebur. A 2001 Sarki Fahad ya ce Makka da Madina garuruwa ne da ba ruwansu da taba, muka ce magana ce. Aka zo aka hana a filin jirgi. Aka yi babbar dokar yaƙi da shan taba a 2015, ta fara aiki a 2016. Ni dai ba doka ce ta raba ni da ita ba, haraji ne. A 2017 aka ɗora kashi 100, kwalin da nake saye ya ninka kuɗi dare ɗaya, na ce halas. Abin da nake so in ce, mai shan taba idan ƙishirwarta ta taso masa ba ya cikin hayyacinsa sosai, balle ƙungiyarsa na shan kashi. Irin wannan ba a fizge masa abu a gaban jama'a. Kunya ce ke kai naushi, ba sigari ba.

Nura: Yauwa Kawu. Kuma ga wani abin da ke ba ni haushi. Wannan gahawar da kanta tana sayar da shisha a sama. Ka hau benen, hayaƙi kamar ana ƙona bola. A 2019 aka fara karɓar kuɗi na musamman a wuraren da ke ba da ita, rasit ɗinka ya ninka. Wato hayaƙin da aka biya wa kuɗi halal, wanda mutum ya shigo da shi a aljihu kuma a cire masa haƙori?

Anti Rabi: Nura, wannan dabarar gardama ce kawai. Saman a buɗe yake, an ware shi, an ba shi lasisi, ba a barin yaron da bai kai 18 ba ya hau. Wanda ya hau ya san abin da ya hau nema. Na ƙasa kuwa shayi ya zo sha. Ba kare shisha nake ba fa, ni da nake ganin ƙirjin masu shanta a asibiti. Hukumar lafiya ta duniya ta daɗe da gargaɗin cewa zama ɗaya a kanta mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na sigari 100. Amma samuwar wani sharri a sama ba ta ba ka izinin kawo naka ƙasa.

Hajiya Ummu Bandar: Ina ta karantawa ina jin nauyi. Gara in faɗa. Ni ce na kira mai gadin.

Nura: Hajiya?

Hajiya Ummu Bandar: Ni ce, ɗana. Muna teburin bayanku ta wajen iyali, ni da maigidan da yara. Ƙaramin yana da asma, kowa a zauren nan ya san sau nawa muka kwana a asibiti da shi. Ya fara tari, na laluba jaka babu abin shaƙarsa, na baro shi a mota. Kuma ka yi haƙuri, ba karan farko ba ne. Tun kafin a fara wasa abokinka ya kunna ɗaya, mai kawo shayi ya yi masa magana, ya kashe yana dariya. Na biyun ne na tashi na je ƙofa. Da na san inda za ta kai, wallahi da mun biya kuɗinmu mun fita. Jiya ban runtsa ba.

Anti Rabi: Babu laifinki ko ƙwayar zarra, Hajiya.

Nura: Na farkon ban gani ba, lokacin ban iso ba. Ban ƙaryata ki ba. Allah ya ba yaro lafiya. Amma ko goma ya kunna, maganata tana nan.

Malam Haruna: Bari in sa baki kaɗan. Nura yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan mai nauyi ne. Manyan malaman ƙasar nan, irin su Shehu Bin Baz, haramci suka ba taba, kuma ƙa'idar “la darara wa la dirar”, wato babu cuta babu cutarwa, ta isa ta hana mutum busa wa ɗan wani hayaƙi. Wannan a kan mai sha. Amma gyara ɓarna da hannu na mai iko ne, kuma malamai sun sharɗanta kada gyaran ya haifi ɓarnar da ta fi ta farko. Ga shi an kashe sigari an zubar da jini. Sannan shari'a ba ta ɗauki haƙori abin wasa ba, diyyarsa raƙuma biyar ce. Inda na rabu da kai, Nura, shi ne “da zarar”. Alƙali ba zai tsaya a kan wanda ya fara miƙa hannu kaɗai ba. Zai tambayi turewar nan: ta kare kai ce ko ta fushi? Ta kai shi ƙasa? Naushin ya zo a take ko bayan an raba?

Nura: Mai gadin ya bugu da ƙofar gilashi, bai faɗi ba.

Malam Haruna: To ka ga. Kowannensu yana da abin da zai amsa.

Faisal: Ina da bidiyon, wani ya turo min. In saka ku gani da idonku?

Abu Raiyan: Kar ka kuskura. A matsayina na mai kula da zauren nan, duk wanda ya saka zan goge in cire shi. Dokar laifukan intanet ta 2007 tana nan: ɗaukar mutane da waya a yaɗa don ɓata su na iya kai ka shekara ɗaya a gidan yari da tarar da ta kai riyal 500,000. Ga matan mutane a cikin hoton. In yana da amfani a kai wa mai bincike.

Faisal: Na ji, Baba. Na fasa.

Usama: Tunda an zo nan, bari in ba ku nawa. Shekara biyu da suka wuce, a wata babbar kasuwa da nake gadi, wani ya shiga lif da sigari a hannu, ga mata ga jariri. Na ce masa don Allah, da ladabi, har da “Allah ya ƙara maka daraja”. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba baƙi irina zai ba shi umarni ba. Ni da aka haifi kakana a Makka. Ya wurgo min guntun a ƙirji, har yau rigar tana nan da hudar. Hannuna ya tashi, na mayar da shi aljihu, saboda na tuna 'ya'yana. Na kira manaja, manaja ya zo ya ba shi haƙuri, shi fa, ba ni ba. Don haka idan na ji an ce mai gadi ya fizge sigari, ba na cewa ya kyauta, amma na san sau nawa ya haɗiye irin wannan kafin daren. Ku kuna ganin minti ɗaya, shi tun la'asar yake tsaye.

Kawu Ɗanjuma: Allah ya saka maka, ɗana. Wannan ta yi zafi.

Nura: Ta yi zafi, kuma wanda ya yi maka bai da tarbiyya. Amma ka lura, Yaya, kai ka mayar da hannunka aljihu. Labarinka hujjata ce. Ana iyawa ke nan.

Usama: Ana iyawa. Kashe sigari ma ana iyawa, ya fi sauƙi.

Anti Rabi: Ku bar wannan tukuna, akwai abin da ya fi gaggawa. An kai shi asibiti an rubuta rahoto? A nan adadin kwanakin jinya da likita ya rubuta yana da tasiri. Raunin da warkewarsa ta wuce kwana 21, ko wanda ya raba mutum da wani sashe na jikinsa, yana cikin manyan laifukan da ake tsare mutum a kansu, sai dai in mai haƙƙi ya yi tanazul, wato ya yafe haƙƙinsa. Ke nan makomar mai gadin tana iya zama a hannun abokinka.

Kawu Ɗanjuma: Ta abokin nasa kuma tana hannun wa? Nura, igamarsa, takardar zamansa a ƙasar, da rai?

Nura: Saura wata biyu.

Kawu Ɗanjuma: To ka ji. Mai gadi ɗan ƙasa ne, aikin ma sai ɗan ƙasa ake ba. Komai ya faru gidansu zai koma ya kwana. Naka kuwa kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, zai ji an ce ma'aikacinsa ya yi faɗa a gahawa, ga sabunta igama a gaba. Na raka mutane da yawa har ƙofar Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a kan abin da bai kai wannan ba. Ba cewa nake ya yafe haƙorinsa a banza ba. A zauna, a biya masa kuɗin likitan haƙori da na kwanakin da zai yi bai fita aiki ba, kowa ya sa hannu.

Nura: Wato kullum mu ne masu haƙuri saboda takarda.

Malam Haruna: Sulhu ba ya nufin ka ce ba a zalunce ka ba. Kuma mai gahawar ya shigo cikin biyan. Shi ya tara mutum sama da abin da wurin zai ɗauka ranar wasa, ya sa mutum ɗaya a ƙofa, manajansa ina yake lokacin da aka kunna na farko?

Usama: Wannan ita ce maganar da nake jira tun ɗazu. Ranar wasan Ittihad da Ahli mai gadi ɗaya!

Hajiya Ummu Bandar: In ana buƙatar shaida maigidan ya ce zai je. Zai faɗi duka, da kunnawar biyu da fizgewar.

Nura: Ya faɗi duka ɗin, Hajiya, ban nemi a rage komai ba. Ni dai ban janye ba, ba a taɓa mutum.

Usama: Ka zo ka tsaya min a ƙofa daren Alhamis ɗaya, sai mu sake magana.

Kawu Ɗanjuma: Ku ajiye wannan sai an fito da su. Bayan la'asar ni da Malam za mu je, Usama ka biyo mu tunda ka san yarensu. Wa ke da mota? Tawa tana gareji.

Abu Raiyan: Zan ɗauke ku a ƙofar masallaci.

Anti Rabi: Nura, haƙorin fa? Da an tsince shi an jefa cikin madara an ruga wajen likita cikin sa'a guda, sau da yawa ana iya mayar da shi. Kun ɗauka?

Nura: Wa ya san wannan, Anti? Mun duba da fitilar waya ba mu gani ba. Da na koma da safe an riga an share wurin.