Farin bango yana ƙonewa, sama ta ƙi zama da gini a renda: daga ina gyaran yake?

Sadiƙ Mai Zane

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan bene ne da za a gina a Kano, an zana shi a manhajar SketchUp, na shigo da shi manhajar Blender ina renda, wato fitar da hotonsa kamar na gaske, da injinta Cycles. Fentin waje fari ne, harabar kuma intalok. Na sa hoton sama mai gajimare na JPEG a baya, na ƙara fitilar rana guda. Bangon yana fitowa fari fat, ko layin filasta ba a gani, ƙarƙashin baranda baƙi ƙirin, samar kuma kamar da gam aka manna ta a bayan ginin. In na rage ƙarfin rana sai komai ya dusashe. Masana, me zan fara taɓawa?

Injiniya Hauwa

Wa alaikumus salam. Malam Sadiƙ, JPEG ɗin nan shi ne ciwon farko. Haskensa daga 0 zuwa 255 yake tsayawa, don haka rana da farin gajimare duk ɗaya ne a wurinsa. A zahiri kuwa tsakar rana tana kai wajen lux (ma'aunin haske) 100,000, sama ita kaɗai tana ba da 10,000 zuwa 20,000, kuma wannan hasken na sama shi ke shiga inuwa ya ba ta ɗan shuɗi-shuɗin da ido ya saba gani. Hotonka ba ya ba da shi, fitilar ce kawai ke aiki, shi ya sa barandar ta yi duhu.

Cire hoton, ka goge fitilar ma. A sashen World ka haɗa Sky Texture ka zaɓi Nishita, samfurin sama ne da ya shigo Blender a sigar 2.90. Rana da sama a tare suke zuwa, in ka sauko da rana launin sama ya bi ta da kansa. Ka lura, da ranarsa yake zuwa, in ka bar tsohuwar fitilar inuwa biyu za ka samu a ƙasa.

Da ka kunna za ka ga allo ya yi fari tas. Kada ka taɓa rana, kyamara ce ke shan haske fiye da kima. Je Color Management, ka tabbatar AgX ne ko Filmic, ba Standard ba, don Standard yanke haske yake yi da zarar ya wuce 1. Sauke Exposure zuwa wajen −4 ka fara daga nan. Kowane −1 rabin haske yake cirewa. Don kada ka yi ta canki-canki, ajiye ƙwallo mai launin toka 0.18 a cikin rana, ka juya zuwa False Color, ka yi ta gyara har ƙwallon ya fito toka-toka, ja kuma, alamar haske ya yi yawa, ya bar jikin bango.

Sai fentin. Babu fentin da ke mayar da duk hasken da ya same shi. In ka bar farin a 1.0, haske zai yi ta kai-komo tsakanin bango da katanga har komai ya wanke. Sa shi 0.7 zuwa 0.8, siminti wajen 0.35, kwalta 0.1. Yawancin abin da ake shigowa da shi daga SketchUp da fari 255 yake zuwa, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Garba Safiyo

Injiniya ta gama magana kan saiti. Ni inda nake ganin ana yawan faɗuwa shi ne wurin ajiye ranar. Mutum ya juya ta duk inda hoto ya yi masa kyau, a ƙarshe ya haska fuskar gidan da rana ba ta zuwa a wannan lokacin.

Kano tana kan digiri 12 arewa, 8.5 gabas, agogo UTC+1. Kunna Sun Position, ƙarin manhajar Blender mai lissafa wurin rana, ka zuba waɗannan, ka haɗa shi da Sky Texture ɗin, sannan ka daidaita arewa da takardar safiyo ta filin, don ba lallai ne arewar zanenka ta zama arewar gaskiya ba. Rana ba ta tsayawa tsaka da 12 daidai a Kano, sai wajen 12 da rabi.

A 21 ga Disamba tsayinta da tsakar rana digiri 55 ne daga kudu, katanga mai mita 3 ta ba da inuwar mita 2 da ɗan ɗoriya. A ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta a kan ka take tsaye, inuwa ta shige ƙarƙashin gini, hoto ya fito ba armashi. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris fuskar da ke kallon arewa ba ta ganin rana ko kaɗan, a Yuni kuma ta kudu ce ke wuni a inuwa. To in ƙofar gidan arewa take kallo, zaɓi wata rana tsakanin Mayu da Yuli. In kudu ko yamma ce, ƙarfe 4 na yamma a Disamba ya yi: rana na wajen digiri 26 a kudu maso yamma, inuwar katangar nan ta kai mita 6, tagogi da ginshiƙai su fito da zurfinsu. Kada rana ta zama a bayan kyamara daidai, karkata ta kamar digiri 45 ta yadda bango ɗaya zai sha haske, na gefe ya zauna a inuwa.

Ɗan Zinder

Ku yi haƙuri manya, Nishita sama ce wankakkiya, ba gajimare ko ɗaya, mai gida kuwa gajimare yake so ya gani. Ni HDRI zan ce, wato hoton sama mai ɗauke da cikakken ƙarfin haske, amma na gaske, EXR ko HDR mai bit 32. Poly Haven suna bayarwa kyauta. Gwajinsa ba wuya: sauke Exposure zuwa −10. In komai ya yi baƙi ya bar ɗigon rana yana ƙyalli, mai kyau ne. In ranar ta koma toka tare da gajimare, an datse ta, ba za ta ba da inuwa mai kaifi ba. 2K ya isa haska gini, amma in samar za ta fito a hoto sai 8K zuwa sama.

Masu haskawa da wata sama su nuna wata a baya ta hanyar Light Path, gilashin taga ne ke tona musu asiri, sai a ga sama garau a baya, gilashi kuma cike da gajimare. In dole ne, a juya su rana ta faɗo gefe guda a duka biyun.

Sadiƙ Mai Zane

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Bango ya dawo, inuwa ta yi laushi. Saura biyu: akwai baƙin layi a inda ƙasa ta haɗu da sama, kuma shuɗin ya yi yawa, bai yi kama da na Kano ba.

Injiniya Hauwa

Baƙin layin ƙarshen filinka ne, Nishita ba ya zana komai a ƙasan layin. Shimfiɗa fili mai faɗin kilomita 2 ko fiye, ka ba shi launin jar ƙasa mai haske wajen 0.25. Ba layin kaɗai zai rufe ba, hasken da ke tasowa daga ƙasa zai ɗan ja ƙarƙashin baranda da silin ɗin waje zuwa ruwan ƙasa, yadda yake a gidajenmu.

Shuɗin kuma, sa Altitude wajen mita 480, ka ɗaga Dust, wato ƙura, daga 1 zuwa 2 ko 3. In hazon hunturu kake so sosai, irin wanda ƙurar Bodele ta Chadi ke kawowa daga Disamba zuwa Fabrairu, kai shi 5 ko 6, ka faɗaɗa ranar daga digiri 0.545 zuwa 2 ko 3 don bakin inuwa ya baje. Amma Dust sama kawai yake rinawa, ba ya sa hazo tsakaninka da gidajen nesa. Wannan da Mist za ka yi shi a Compositor, ka fara shi daga mita 50 ya cika a 500, launinsa ka ɗauko daga gindin samar. Ana iya cika filin da Volume Scatter, sai dai renda za ta daɗe kuma tsaki-tsaki zai yi yawa. In kwamfutarka ba mai ƙarfi ba ce, ka tsaya a Mist.

Shawarata ka fitar da biyu. Na damina mai gajimare da HDRI ɗin Ɗan Zinder, na rani mai Dust 3, a kusurwa ɗaya, ka nuna wa mai gida kafin a sayi fenti, don farin da ya yi kyau a gaban shuɗiyar sama yakan ɓace a cikin hazo.