Neman kalmar Hausa: me za mu kira tsarin Lend-Lease a tarihin yaƙin Sin da Japan?

Mai fassara:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina fassara wani shirin tarihi na rediyo a kan makaman da ƙasashen waje suka riƙa aika wa ƙasar Sin a yaƙinta da Japan daga 1937 zuwa 1945, kuma ranar Alhamis da safe za a ɗauki murya. Kashin farko bai ba ni wahala ba. Abin da ya gudana tsakanin Sin da Jamus cinikin musaya ne: Jamus ta ba da bindigogi da harsasai da masu horar da soja, Sin ta biya da ma'adinai, har zuwa 1938 da Hitler ya janye mutanensa. Na Tarayyar Sobiyat kuwa bashi ne na dala miliyan 250 a kashi uku tsakanin 1938 da 1939, wanda Sin ta karɓi jiragen yaƙi da tankoki a kansa, aka amince ta biya da ganyen shayi da ulu da ma'adinai. Inda na cije shi ne na Amurka, wato dokar Lend-Lease da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu ranar 11 ga Maris 1941, wadda aka shigar da Sin cikinta a watan Mayu na shekarar. Sunan zai yi ta fitowa a cikin shirin, kuma ba na so in bar wa mai sauraro shi da Turanci. Me zan kira shi?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce "dokar aro da haya", kayan kuma "kayan aro da haya". Kalmomi biyu ne a asalin sunan, kuma ba da ka aka zaɓe su ba. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba, jama'arta ba su manta da basussukan yaƙin duniya na farko da ba a biya ba, dokokinta kuma sun tanadi cewa mai son makamai ya biya kuɗi hannu, ya ɗauki kayansa da jirginsa. Shi ya sa a watan Disamba 1940 Roosevelt ya kawo misalin mutumin da gidan maƙwabcinsa ya kama da wuta, ya ara masa mesar ban ruwa ba tare da neman kuɗi ba, a kan idan wutar ta mutu a mayar masa da abarsa. Kalmar aro ita ce ta shawo kan majalisa, don haka kada ta ɓace a fassara.

Malamin fiƙihu:
Allah ya ƙara wa malam sani, amma akwai gyara. A Hausa, kamar yadda yake a fiƙihu, aro daban, rance daban. Abin aro shi kansa ake mayarwa bayan an amfana da shi, wato ariya, shi kuwa rance ana cinye shi ne a biya da kwatankwacinsa, wato ƙardi. Harsashin da aka harba da man jirgin da aka ƙone ba su da hanyar komawa ga mai su, ko da an so. Mota da jirgi ne kawai za a iya kiran su abin aro, su ma ɗin idan sun tsira. Saboda haka ni "rance da haya" nake gani, ko "rancen makamai" a taƙaice.

Malamin tarihi:
Allah ya gafarta malam, ƙa'idar da ka kawo daidai ce, sai dai rance yana sa Bahaushe ya ji cewa akwai adadin da za a biya da ranar biya, alhali dokar ta bar wa shugaban ƙasa ikon sayarwa ko musaya ko ba da haya ko aro ko miƙa kayan ta kowace hanya, a kan sharuɗɗan da shi ya ga sun dace. Saɓanin da ka gano tsakanin sunan da haƙiƙanin kayan, 'yan adawa sun gano shi tun a lokacin. Sanata Robert Taft ya kamanta aron kayan yaƙi da aron cingam, wanda babu mai son a dawo masa da shi. Idan Malama ta ce rance, ta gyara wa Roosevelt sunan da ya zaɓa da gangan, kuma ta rikita shi da bashin Sobiyat, wanda shi ne rance na gaskiya.

Tsohon edita:
Ina karanta maganganunku, kuma abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya lura cewa "haya" ba Hausa ba ce. Daga Turanci aka ɗauko ta. To, ina amfanin a guje wa Turanci a faɗa cikin Turanci? Muna da kalmar da ta dace da wannan lamari tun kafin Bature ya zo, wato gudummawa. Idan abokan gaba suka kewaye gari, sarkin da ke maƙwabtaka ya aiko da dawakai da mayaƙa, gudummawa ya kawo, kuma kowa ya san ya yi haka ne domin kada yaƙin ya iso ƙofarsa. Ainihin taken dokar ma cewa ya yi an kafa ta ne don ƙarfafa tsaron Amurka. Na daɗe ina amfani da "gudummawar aro" a rubutuna, kuma ita nake ba 'yata shawara ta ɗauka.

Mai fassara:
Baba, na gode, kuma kalmar ta yi mini daɗin ji. Abin da nake tsoro shi ne a yau idan aka ce gudummawa, mai sauraro kyauta yake ji, irin ta biki ko ta asusun taimako. Ga shi kuma a cikin shirin akwai wurin da ake bayanin cewa kayan ba su zama mallakar Sin kai tsaye ba, domin Janar Stilwell na Amurka ne ke riƙe da rabon su, kuma wannan na cikin abubuwan da suka haddasa saɓaninsa da jagoran Sin Chiang Kai-shek har aka janye shi a watan Oktoba 1944. Idan na ce gudummawa, yaya zan bayyana cewa mai bayarwa bai saki igiyar ba?

Tsohon edita:
Shi ya sa na ɗaura mata "aro" a baya, 'yata. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma duk wanda ya ji aro ya san mai kaya yana nan yana kallo. Amma lalacewar ma'anar gudummawa laifin masu fassara ne da suka mayar da ita kuɗin biki, kuma aikin rediyo ne ya dawo mata da martabarta. Mun ga lokacin da kalma ɗaya daga bakin mai karanta labarai take zama ta kowa cikin wata guda. Yanzu kuwa an bar aikin ga waɗanda suka koyi Hausa a aji, suna jera kalma a kan kalmar Turanci suna cewa sun fassara.

Malamin tarihi:
Ranka ya daɗe, wannan maganar ta yi tsauri. Da a aji da a gida, duk wanda ya ce gidan haya ko ɗan haya Hausa yake yi, kuma babu tsohuwar da za ta ce ba ta gane ba. Idan za mu kori haya saboda asalinta, sai mu kori soja da mota da tanka, sannan shirin Malama ba zai iya ambaton abin da aka aika wa Sin ba ma. Gudummawa kuma ta yi faɗi da yawa. Matuƙan jiragen Sobiyat da suka yi yaƙi a sararin Wuhan a 1938 gudummawa suka kai, haka ma matuƙan Amurka 'yan sa-kai da ke ƙarƙashin kwamandansu Chennault da jiragensu 100 a 1941. Idan komai gudummawa ne, da me za a ware wannan doka guda?

Malama daga Damagaram:
Ina neman izinin malamai in sa baki. Mu a nan da Faransanci muka karanta wannan tarihi, kuma sunan da ke cikin littattafanmu, prêt-bail, shi ma aro da haya yake nufi, kalma biyu a haɗe. Na tabbata ɗalibin da ya ji "aro da haya" a rediyo zai gane abin da ya karanta a makaranta, amma "gudummawar aro" sai ya ɗauka wani shiri ne daban. Ina kuma roƙon a riƙa tunawa da cewa ana sauraron waɗannan shirye-shirye a Maraɗi da Tawa da Damagaram, domin sau da yawa akan yanke kalma a can, mu sai dai mu ji ta a iska.

Malamin fiƙihu:
Larabawa ma i'ara da ta'ajir suka ce, wato aro da ba da haya, don haka na janye rance a matsayin sunan dokar. Amma ina nan a kan bakana cewa a cikin bayani kada a ce an ara wa Sin harsasai ko man fetur. A ce an aika mata, ko an ba ta. Idan kuma haya ce ta tsaya wa Baba a rai, akwai sufuri, wadda dattawa ke amfani da ita da wannan ma'ana.

Mai fassara:
Allah ya gafarta malam, sufuri ba za ta yiwu a wannan shirin ba, domin rabinsa maganar jigilar kaya ce. Bayan Japan ta kama Canton, birnin tashar jiragen ruwa na Sin, a watan Oktoba 1938, ta kuma toshe layin dogo na Haiphong ta Vietnam a 1940, hanyar mota ta ƙasar Bama (wato Myanmar) ce babbar hanyar da ta rage, daga Lashio zuwa Kunming ta Sin, fiye da kilomita 1,100 a cikin duwatsu. Da ita ma ta yanke a 1942, sai aka koma ɗaukar kaya da jiragen sama daga Assam ta Indiya a tsallake tsaunukan Himalaya, har aka kai kimanin tan 650,000 kafin a rufe aikin a ƙarshen 1945, kuma wasu daga cikin jiragen da aka tura wannan fagen ta Kano da Maiduguri suka bi a hanyarsu ta zuwa Khartoum. Idan sufuri ta zama sunan dokar kuma ta zama aikin jiragen, mai sauraro zai ruɗe.

Tsohon edita:
To, ku duba abin da ya faru a ƙarshe. Cikin kimanin dala biliyan 50 da Amurka ta fitar a ƙarƙashin dokar, abin da ya kai ga Sin bai wuce kusan biliyan 1.6 ba, alhali Birtaniya ta sami sama da biliyan 30. Wane kuɗin haya aka karɓa wata-wata a kan waɗannan kaya? Kuna so ku gaya wa manomi cewa haya aka yi, shi kuwa ya san haya da biyan kuɗi a kan lokaci.

Mai fassara:
Baba, wannan hujjar ta shige ni, kuma ga yadda zan yi. A ambato na farko zan ce "dokar da Amurka ta kira ta aro da haya", in bi ta da jimla guda mai bayyana cewa sunan ne kawai haka, yawancin kayan ba a sa ran dawowarsu ba. Daga nan dokar za ta zama "dokar aro da haya", su kuwa jirage da motoci da harsasai zan kira su "kayan gudummawar Amurka". Na Jamus zai tsaya a cinikin musaya, na Sobiyat a bashi.

Tsohon edita:
Ki yi yadda kika gani, tunda lokaci ya ƙure miki, kuma na ji daɗi da gudummawa ta sami wuri. Amma ban amince da haya ba, kuma idan za a buga rubutun shirin a takarda ina so a sake zama a kan sunan dokar kafin ya shiga hannun ɗalibai.