Waɗanda Suka Taɓa Rainon Kanya a Lambu, Ku Ba Mu Labari

Mai Lambu: Assalamu alaikum. Shekaru da dama ke nan da na shuka kanya a kusurwar lambuna. Ganyenta shar yake rani da damina, tana kuma yin fure, amma ko ɗa ɗaya ban taɓa tsinka ba. Ina roƙon wanda ya taɓa rainonta ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton namiji ka samu, domin kanya, wadda masana ke kira Diospyros mespiliformis, tana da namiji da mace a bishiyoyi daban-daban, kuma macen ce kaɗai ke yin 'ya'ya. Idan lokacin fure ya zo ka duba gindin ganye: furen namiji a cure yake fitowa, na mace kuwa ɗaya-ɗaya. Ni ma guda 4 na shuka, na yi ta jira, a ƙarshe ɗaya ce kawai ta fito mace. Kada ka yi gaggawar sare taka, domin macen da za ka shuka nan gaba tana buƙatar garin furenta.

Uwargida: Baba ya faɗi gaskiya. Tawa matsalar wajen dashe ta taso, domin sau biyu ina tono ƙaramar kanya daga daji tana bushewa cikin kwanaki, sai daga baya na lura cewa doguwar saiwarta da ke nutsewa ƙasa nake tsinkewa. Da na jiƙa ƙwallayen a ruwan ɗumi suka kwana, na shuka su a inda nake so su zauna, sai suka tsiro, ko da yake girmansu sai mai haƙuri. Sabon tohonsu ja-ja yake fitowa, har na ɗauka cuta ce.

Ɗan Autan Zaure: Hajiya, mu tamu gadonta muka yi, kuma ta rufe rabin lambun da inuwa, saboda haka a nisanta ta da katanga da wurin kayan lambu. Ɗanyar bauri ne da ita, sai ta yi rawaya take daɗi, kuma a lokacin jemagu da tsuntsaye sukan riga mu.

Mai Lambu: Na gode muku ƙwarai. Baba, na tuna furen bara a cure yake, don haka bana zan jiƙa ƙwallaye 5 in shuka.