Manya na yin kilomita 200 a mako, ni ma in ƙara nawa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar gudun fanfalaki. Ina yin kimanin kilomita 50 a mako, tseren kilomita 42 kuma ina gama shi cikin awa huɗu da 'yan mintoci. Kullum matsalar ɗaya ce: da na wuce kilomita 30 sai ƙafafu su yi nauyi, sauran tafiyar ta zama jan jiki. To na ji ana cewa gwarzon gudun Kenya Eliud Kipchoge yana yin kilomita 200 zuwa 220 a mako, ɗan ƙasarsu marigayi Kelvin Kiptum ma har ya fi haka, abin ya tsaya mini a rai. Saura wata huɗu tsere na gaba, ga aiki daga safe zuwa yamma, ga iyali. Shin yawan kilomitocin ne sirrin? In na kai kilomita 120 a mako zan iya saukowa awa uku da rabi?

Wani da ya daɗe a harkar:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka ji gaskiya ne. Kocin Kiptum, Gervais Hakizimana, shi da bakinsa ya ce yaron yana yin kilomita 250 zuwa 280 a mako, wani makon har ya haura 300, kuma da wannan ya kafa tarihin duniya a Shikago a 2023, cikin awa 2 da sakan 35. Amma kocin nan ya kuma ce yana yi masa faɗa ya rage, don yana tsoron jikin ba zai daɗe a haka ba. Haɗarin mota ya ɗauke su tare a Fabrairun 2024, Kiptum yana da shekara 24, don haka ba wanda zai kafa maka hujja da shi a kan ɗorewa.

Kipchoge ya fi dacewa ka duba. Yana da shekara 18 ya zama zakaran duniya a tseren mita 5,000 a Paris, a 2003. Bai shiga fanfalaki ba sai 2013 a Hamburg. Shekara goma ke nan yana gina ƙafa kafin ya taɓa kilomita 42 a gasa. Sannan zamansa a sansanin Kaptagat ne, a kan tudun Kenya mai tsayin sama da mita 2,000, ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang. Gudu da asuba, barci da rana, gudu da yamma, ga masu tausa. Hutun ma yana cikin aikin da ake biyansa.

Yanzu ɗauki biro ka yi lissafin nan. Mu ɗauka a matsakaici yana cin kilomita ɗaya a minti 4 wajen atisaye. Kilomita 200 sun zama awa 13 da ɗoriya. Kai da kake yin kilomita a minti 6, 120 ɗin da kake so awa 12 ne cur a kan ƙafa. Ka ga kusan nauyin Kipchoge za ka ɗora wa kanka, alhali kai daga hanya ofis za ka wuce. Ni ban yarda ba.

Wani matashi:

Yaya, duk abin da ka faɗa haka yake, amma kada mu kashe masa gwiwa. Tambayarsa tana da tushe. Kilomita 50 sun yi kaɗan ga wanda yake son ya gama da ƙarfinsa, kuma nauyin ƙafar da yake ji bayan kilomita 30 daga nan yake. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya kai mutum ƙarshen tsere. Gudu mai yawa a hankali shi ke koya wa jiki ƙona kitse ya riƙa tattalin sukarin, ya ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, zuciya kuma ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu. Ba a samun wannan da gudun wuta na rabin awa.

A shekarun 1960 koci Arthur Lydiard ya riƙa sa 'yan wasansa yin mil 100 a mako, wato kilomita 160, har da Peter Snell wanda tserensa mita 800 ne da 1,500, kuma ya ci zinare uku a gasar Olamfik. Duk wanda ya kai kololuwa a fanfalaki yana gudu da yawa. Shi ma ɗan'uwanmu ya ƙara kawai, sai dai ba kusan ninki biyu da rabi a wata huɗu ba.

Wata mai aikin gashin ƙashi:

Ɗan'uwa, ni ta ɓangaren aikina zan yi magana, domin irinku ne suke zuwa mana suna ɗingishi ana saura mako uku tsere, kuma abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya daidaita, ka ji kamar ka ƙara. Ƙashi da jijiyoyi kuwa watanni suke ɗauka. A wannan tsakanin ne ake jin ciwo: agara ta kumbura, tafin ƙafa ya hana ka taka ƙasa da safe, ko ƙashin ƙauri ya yi 'yar tsaga. Ga yadda za ka bambance. Gajiyar tsoka takan bazu a ƙafa biyu, ta saki in jiki ya yi ɗumi. Ciwon da ke wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in kana gudu, wannan ka tsaya ka je a duba ka. Tsagar ƙashi takan zaunar da mutum mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye.

Abu na biyu, wanda ya ƙara gudu dole ya ƙara ci da barci. Da yawa suna ƙara kilomita suna kuma neman rage ƙiba a lokaci guda, jiki ya shiga bashi. Ga 'yan uwana mata da ke karantawa, ɗaukewar al'ada lokacin atisaye mai nauyi ba alamar ƙwazo ba ce, alama ce ta cewa abinci bai isa ba, kuma ƙashi ne zai biya. Wanda kuma yake jin kasala kullum ba dalili, ya yi gwajin jini.

Wani ma'aikaci:

Malam, tun da kai ma ma'aikaci ne, ka nemi labarin Yuki Kawauchi na Japan. Har zuwa 2019 yana aikin gwamnati na cikakken lokaci a wata makaranta, gudu sau ɗaya yake yi a rana, kilomitocinsa ba su kai na 'yan ƙungiyoyin kamfanoni na ƙasarsu ba, amma ya ci tseren Boston na 2018 cikin ruwan sama da sanyi. Shi ma fa yana yin fiye da 100 a mako, kuma tun yana yaro yake gudu. Amma ya isa ya nuna maka cewa ko a cikin manyan ba lamba ɗaya kowa yake bi ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lissafin awoyin nan ya buɗe mini ido. To in zan ƙara, nawa, kuma da wane sauri? Yawanci duk fitata da ƙarfi nake yinta, don ina ganin lokacin kaɗan ne, gara in ci moriyarsa.

Wani mai horar da masu gudu:

Yauwa ɗan'uwa, yanzu ka faɗi ainihin matsalar. Abin da ya kamata ka kwaikwaya wajen manya shi ne rabon gudun. Binciken da masanin kimiyyar motsa jiki Stephen Seiler ya yi a kan 'yan wasan juriya ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, ragowar ne mai zafi. Kipchoge ya yi Berlin a 2022 cikin awa 2 da minti 1 da sakan 9, wato kilomita ɗaya a ƙasa da minti 3, amma gudunsa na hutawa yakan kai minti 4 zuwa 5. Dubi wannan tazara, sannan ka dubi taka. Kai kullum a tsakiya kake: ka gaji, amma ba ka yi gudun da zai ƙara maka sauri ba, ba ka kuma yi mai tsawon da zai ƙara maka juriya ba.

Da ni ne kocinka, zan kai ka kilomita 70 zuwa 75 a mako, nan za mu tsaya a wannan zangon. Ka riƙa ƙara kilomita biyar a mako, duk mako na huɗu ka koma baya jiki ya murmure. Fara da ƙara rana ɗaya ta sassarfa kafin ka tsawaita sauran. Ma'aunin sassarfa shi ne ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. In ya kama minti 6 da rabi ne, to haka ɗin. Rana ɗaya tak a mako ta gudu mai zafi. Doguwar fita ta ƙarshen mako ka ja ta sannu a hankali zuwa kilomita 30 ko 32, a wasu makonnin ka yi goman ƙarshe da saurin da kake nufin yi ranar tsere, kana gwada shan ruwa da abin ƙarin kuzari mai sukari a hanya don ciki ya saba. Fita biyu a rana ba taka ba ce yanzu. Mako uku na ƙarshe kuma rage gudu ake yi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar awa uku da rabi, zan faɗa maka gaskiya don ina son ka daɗe kana gudu. Wannan yana nufin kilomita a minti 5 har sau 42 ba sassauci, kai kuma yanzu kana wajen minti 5 da sakan 45. A wannan karon ka sa ido a kan awa 3 da minti 50, wato minti 5 da sakan 27. In ka riƙe kilomita 70 shekara guda ba rauni, sai mu yi zancen kilomita 85 da awa uku da rabi. Ka turo mini yadda makonka yake, ranakun aiki da lokacin kwanciyarka, in ga inda ranar ƙarin za ta shiga.