Tiyatar rage tumbi da ƙwayoyin hanji: kindirmo zai iya hana a yi wa yayata aiki?

Mai Shago, Agege:
Assalamu alaikum. Yayata ce, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, take fama da ƙiba da ciwon suga nau'i na biyu. Tana shan metformin, an ƙara mata allurar insulin, amma sugan ya ƙi sauka, hawa benen gidan hayarmu ma sai ta huta a tsakiya. Likitanta ya kawo maganar tiyatar rage tumbi, ya ce bayan aikin har ƙwayoyin bakteriyan hanji canzawa suke, kuma suna da hannu a saukar suga. Tun da maƙwabta suka ji haka suka sa ta gaba: in dai ƙwayoyi ne, ta sha kindirmo da irin maganin kemis mai ƙara ƙwayoyin hanji masu amfani, ba sai an yanka ta ba. Ita kuma dama tsoron wuƙa take. Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya, ba ni da kamarta.

Nas, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Allah ya ba Yaya lafiya. Likitan bai faɗi ƙarya ba, maƙwabta ne suka ɗauki rabin zance.

Aikin iri biyu aka fi yi. Ɗaya a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi. Ɗayan, baifas, a bar ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji can gaba, abinci ya tsallake farkon hanjin. Bayan baifas, sugan mutane da yawa kan sauka cikin kwanaki, tun kafin su rame. Ruwan tsamin tumbi ya ragu, don haka ƙwayoyin da aka saba gani a baki, irin su Streptococcus da Veillonella, suna isa hanji da rai. Ruwan matsarmama ya canza hanya. Hanji yana ƙara fitar da sinadarin GLP-1 mai zaburar da insulin, kuma wannan GLP-1 ɗin ne allurar ciwon suga ta Ozempic take kwaikwayo. A wannan sabon yanayin ne wasu ƙwayoyi ke yawaita, har da Akkermansia, wadda ake alaƙantawa da daidaituwar suga.

A 2013 masu bincike a Boston ta Amurka sun ɗebi ƙwayoyin hanjin ɓerayen da aka yi wa baifas suka sa wa ɓerayen da ba su da ƙwaya ko ɗaya a ciki, sai suka rage kitse ba tare da tiyata ba. A 2015 a Siwidin an yi irinsa da ƙwayoyin hanjin matan da suka kai kusan shekara 9 da yin aikin, ɓerayen suka tara kitse kaɗan. To ƙwayoyin suna aiki, amma tiyatar ce ta gyara musu gida. Kindirmo ba ya rage tumbi, ba ya juya hanyar matsarmama, kuma yawancin ƙwayoyinsa wucewa suke yi in an daina sha. Abin da ya fi damuna shi ne kar ta ajiye insulin saboda zancen maƙwabta. Wannan shi ne hatsarin gaske.

Hajiya, Obalende:
Ni an yi min na yanke tumbi. Alhamdulillahi na rabu da allura, amma ƙanena, ka faɗa wa Yaya wuyar tun yanzu. Farko ruwa-ruwa kawai, romo da madara mara suga. Tuwo loma kaɗan ka ƙoshi. Cikina ya yi ta ƙugi da iska, ba ya karɓar abin da ya saba, musamman mai maiƙo. Ga ƙwayar bitamin B12 da ta ƙarin jini, ba ranar dainawa. Azumin farko ban yi ba, likita ya hana, na rama daga baya. Kuma ya gaya min suga na iya dawowa bayan shekaru, shi ya sa ban fasa zuwa awo ba.

Ɗan Gwari, Mile 12:
Ni dai ina ganin kar a raina abinci. Wake, kuɓewa, zogale, kuka, duk ga su a kasuwarmu, amma mun koma burodin Agege da lemon kwalba safe da yamma.

Nas, Idi-Araba:
Malam, a nan muna tare. Ƙwayoyin hanji da harzar wake da ganye suke rayuwa, kuma bincike a Faransa ya nuna ko bayan tiyata yawan nau'o'insu bai cika komawa daidai ba, don haka abincin nan dole ne ko an yi aiki ko ba a yi ba. Kindirmo ma ta sha, amma ba suga, ba fura mai yawa.

Mai Shago, Agege:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya duka, ta ce ba za ta taɓa allurarta ba. Ranar ganin likita zan rufe shago in raka ta, mu tambayi wane irin aikin yake nufi da nawa ne kuɗin bitamin a wata. Hajiya, Yaya na tambaya ko kin iya komawa sallah a tsaye da wuri bayan aikin.