Neman shawara kan sensar zafin salansa da ke yawan mutuwa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana gyaran injin dizal game da a-kori-kurata, tokumbo ce daga Turai, mai matatar hayaƙi ta DPF. Da zarar na ɗauki kaya na hau babban titi, sai fitilar inji ta kama, motar ta rage ƙarfi, kwamfuta kuma ta nuna lambar P0544, wato matsala a layin sensar zafin hayaƙi ta farko.

Bakanike ya sauya sensar, amma ba a jima ba lambar ta dawo. Da muka duba soket ɗinta, sai muka tarar robar wayar ta ƙone ta yi tauri a inda take gogar ƙarfen salansa. Damuwata ita ce, idan kwamfutar motar ba ta samun sahihin awon zafi, ba za ta ƙona baƙin hayaƙin da ya taru a cikin matatar ba, aikin da ke buƙatar zafi kusan digiri 600, matatar kuma ta toshe.

Shin ta yaya zan tantance ko laifin waya ne ko na sabuwar sensar, wadda nake zargin jabu ce? An ba ni shawarar cire matatar gaba ɗaya, amma hankalina bai kwanta da hakan ba. Na gode.